Jikata ta tona ni a gaban coci saboda ƙwai goma sha ɗaya

Tanti Aurika, ki taimake ni don girman Allah, kuma ki yi sauri, don saura mako biyu Ista. Na ce Tanti ne saboda haka kowa ke kiranki, amma na ga hotonki a saman shafin nan, in dai ba a gyara shi ba, ni da ke sa'o'in juna ne. To ki saurare ni kamar yadda tsohuwa ke sauraron tsohuwa. Aji bakwai na yi a makaranta. In kin ga rubutuna ya karkace ki miƙar da shi, amma kada ki taɓa maganata.

Mijina Toader ya rasu shekara tara ke nan. Ɗana ɗaya, Dorin, yana can Torino yana manna wa Italiyawa tayil a banɗaki, sai Kirsimeti da watan Agusta muke ganinsa. Ya gina gidan bene a rabin filinmu, banɗaki uku ga mutum huɗu, ni kuma ina nan a tsohon gidana mai murhun itace. Tsakaninmu akwai shinge, a jikin shingen akwai 'yar ƙofa. Ta wannan ƙofar jikokina suke shigowa kullum da rana, Ilinka mai shekara bakwai da Horia mai huɗu, su zauna wurina har uwarsu ta taso daga kantin maganin da take aiki a Suceava.

Uwar tasu sunanta Otilia. Bari in gaya miki wace ce, don ki auna da kyau. Ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta san kafaɗar da ake fara taɓawa ba in za a yi alamar gicciye. 'Yar birni ce, ubanta ɗan jam'iyyar kwaminis ne na zamanin da, a gidansu ko hoton tsarkaka ɗaya babu a bango. Ni na kama hannunta na haɗa mata yatsu uku, kamar yadda ake yi wa yaron goye. Shekara uku da suka wuce Horia ya yi zazzaɓi mai tsanani, suka kwana goma sha biyu a asibiti, da ya warke ta tafi gidan 'yan zuhudu ta yi godiya. To tun daga nan ba ta dawo daidai ba. Ta ɗaura kallabi, ta sa siket mai share mini tsakar gida kyauta, wayarta kuma daga safe har yamma wani ɗan zuhudu ne mai gemu har cibiya yake mana wa'azi a ciki. Yanzu ita ce ke gyara mini addu'a. Ni da nake zuwa coci tun lokacin da zuwan yake iya raba mutum da aikinsa.

Bana sai ta ce yara za su yi Babban Azumi cikakke, mako bakwai, ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba cuku. Na ce mata, 'yata, ni ina azumi tun ina shekara goma sha biyu, ban taɓa karya shi ba, amma uwata makon farko da na ƙarshe take sa ƙanana, sai Laraba da Juma'a. Ta ce wai wannan azumin ƙauye ne, al'ada ce ba doka ba. Na haɗiye. Aka fara wake da safe, wake da yamma, kabeji mai tsami a tsakiya. Yaran in sun shigo ɗakina, kafin bakinsu ya gaishe ni cikinsu ya riga ya gaishe ni.

Tanti, kajina goma sha huɗu ba su san azumi ba. Kin san ma a wannan lokacin suka fi zuba ƙwai, kamar da gayya. Ina tarawa a kwando ƙarƙashin gado saboda Ista. A mako na biyu Ilinka ta dawo daga makaranta fuskarta fari fat, ta ce malama ta tashe ta daga barci a kan tebur. Yarinyar da ma can siririya ce, in iska ta taso sai na riƙe mata hannu. Na gan ta tsugune tana leƙen kwandon nan. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗora kasko, na sa man shanu, na fasa ƙwai biyu, na ɗora musu a kan tuwon masara mai zafi, na marmasa cukun tumaki a kai. Ilinka ta ci idonta a rufe.

Da ta gama sai ta tambaye ni ko Allah ya gani. Na ce ya gani mana, amma yana da yaƙe-yaƙe da ɓarayin gwamnati da zai duba, ƙwan Buni, wato kaka, don haka suke kirana, yana can ƙarshen layi. Na ce kuma a kicin ɗina zunubi na mai dafawa ne, mai ci ba ruwansa. Sannan na ce ba sai Mama ta ji ba, don kada kanta ya yi ciwo. Na goge musu baki, na ba kowa ɓarin albasa ya tauna saboda wari. Haka muka riƙa yi, ba kullum ba, sai ranar da na ga ƙafarta tana rawa. Horia ya gaya wa uwarsa tun ranar farko cewa ya ci ƙwai, amma a numfashi ɗaya ya ƙara da cewa ya hau bayan kura ya je Italiya, don haka ba wanda ya kula shi.

To kin san yaro in ya cika bakwai yake fara ikirarin zunubi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce waccan ce ranar Ilinka ta farko. Aka yi mata wanka, aka yi mata kitso biyu, uwarta ta turo ta ta nemi gafarar mutanen gida kafin ta tafi, kamar yadda ake yi. Ta shigo ta sumbaci hannuna ta ce, Buni ki yafe mini. Na ce Allah ya yafe miki, 'yar tsuntsuwata. Har ta kai ƙofa sai ta dawo ta raɗa mini a kunne, wai ta faɗa wa Fada maganar ƙwai? Na ce a'a, wannan nawa ne, ni zan kai masa da kaina, ke ki faɗi naki, irin su cizon Horia da murguɗa baki. Ta ce to.

Ranar Lahadi coci ta cika, har da mutanen da ba a gani sai an kusa Ista. Yara suka yi layi don karɓar Jibin Ubangiji, hannu a ƙirji. Ina tsaye ɓangaren mata ina kallonta, ina jin daɗi. Da ta iso gaban Fada Serafim ya ɗago cokalin da ake ba da Jibin da shi, sai ta datse baki. Ya ce buɗe, ta ƙi. Mai taimaka masa da ke riƙe da jan ƙyalle ya taɓa mata haɓa, ta ƙi. Sai ta fashe da kuka, ta ce da ƙarfi, yadda har kurman tsohon da ke sayar da kyandir a bakin ƙofa ya ji, wai ba za ta karɓa ba don za ta ƙone, ta ɓoye zunubi, ta ci ƙwai goma sha ɗaya da cuku a cikin azumi, kuma Buni ce ta ce kada ta faɗa.

Goma sha ɗaya, Tanti. Ni ban ƙirga ba. Ashe ita tana ƙirgawa.

Kowane kallabi a cocin nan ya juyo gare ni. Fada ya sunkuya, ya ɗora mata gefen rigarsa a ka, ya yi mata magana a hankali, sannan ya ba ta, ta karɓa tana shessheƙa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Matarsa, don a cocinmu Fada yana aure, ta gaya mini daga baya wai da ya shige ciki ya daɗe bai fito ba don dariya ta hana shi, amma wannan ba ya rage mini komai. Maƙwabciyata Veta, wadda kowa ya san tana shan barasar da take dafawa tana cewa maganin haƙori ne, yanzu in ta gan ni sai ta ce, ina kwana uwar kaji, yau nawa aka soya? Har yaran makaranta sun samu waƙa.

Otilia ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na ji sauƙi, don a faɗa ban taɓa faɗuwa ba. Ta kama hannun yaranta suka wuce ni a bakin coci, da yamma ta ɗaure 'yar ƙofar shinge da waya, murɗi biyar. Yanzu wurin 'yar ƙanwar uwarta take kai su, matar da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba tare da ta ƙona shi ba. Na kira Dorin. Ya ce, Mama ku sasanta mana, sai kuma ya fara cewa ba ya ji na sosai. Duk lokacin da magana ta zo kan uwarsa da matarsa, layin Italiya lalacewa yake yi.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shekaranjiya. Ina ba kaji hatsi sai na ji an ce Buni ta tsakanin katakon shinge. Ido ɗaya kawai nake gani da ɗan gefen hanci. Ta ce wai kullum kafin ta kwanta tana yin sujada goma sha biyu saboda ni don kada in ƙone. Sannan ta tambaye ni ko ita ce Yahuza, tunda ta ba da ni a gaban mutane. Na yi dariya na ce Yahuza da kitso biyu, wa ya taɓa gani, je ki yi wasa. Ta tafi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, kwanon hatsin yana hannuna, ban san tsawon zaman da na yi ba.

Yanzu ga tambayata. Ina da makami. A mako na uku na azumi na ga motar Otilia a tsaye a bayan gada, kafin a shigo ƙauye, ita kuma tana ciki tana shan yogot da ƙaramin cokali, tana waige-waige. Sau biyu na gani, idona kuma da sauransa. Mai tsarkin namu ke nan. In na faɗi wannan a bakin coci ranar Lahadin Ganye, mako ɗaya kafin Ista, ai mun yi kunnen doki, wayar shingen nan kuma da kanta za ta warware. In faɗa, ko in fara tsorata ta a ɓoye?

Kuma ki sani, ni ma ban je ikirari ba bana. Shekara hamsin da shida ban taɓa shiga Ista babu shi ba. Amma kafin in je sai na nemi gafarar wanda muke da saɓani da shi, wato in je in tsaya gaban yarinyar da na koya wa haɗa yatsu in ce ta yafe mini. Saboda na ciyar da yara masu yunwa. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe muke rina ƙwan Ista, na tara ɓawon albasa buhu guda na rinin, kuma bana ne na yi wa Ilinka alkawarin za ta riƙe tsinken zane da kakin zuma da hannunta. Ina son jikokina su dawo. Ki nuna mini hanyar da ba sai na durƙusa ba, gwiwoyina ba su da lafiya.

Buni mai kaji goma sha huɗu, daga gefen Suceava


Buni mai kaji,

Hoton an gyara shi, na girme ki da shekara uku, don haka ki zauna ki ji.

Na yi dariya a wasiƙarki har sai da na cire tabarau, kuma a kan ƙwai ina bayanki. Yarinyar da ke barci a kan teburin makaranta tana bukatar abinci, kuma duk firistocin da na sani suna sassauta wa ƙananan yara da marasa lafiya. Da kin rubuto mini a mako na biyu, da na ce ki ɗauki Ilinka da uwarta ku je wurin Fada Serafim ya faɗa da bakinsa, a soya ƙwan ƙofa a buɗe.

Amma kin cika shafi uku da kaji da wake da siket, ranar Asabar kuma kin wuce ta da gudu. A nan laifinki yake. Yarinya ta zo ikirarinta na farko, ta tambayi mutumin da ta fi yarda da shi a duniya ko ta faɗi gaskiya, kika ce a'a. Kin ajiye 'yar shekara bakwai a tsakanin uwarta da kakarta da Ubangijinta, kika ce ta zaɓa. Ta kwana da abin a ciki, da safe ta zaɓi gaskiya a gaban ƙauye guda, tana kuka. A gidanku manya uku ne, babu wanda ya yi rabin abin da ta yi. Kuma kada ki ce ba ki san kina ɓarna ba. Mai ganin tana kan daidai ba ta raba albasa.

Otilia ma ba ta tsira a wurina ba. Wanda ya sa wa yarinya a kai cewa cokalin Fada wuta ne, ya yi mata illa fiye da yunwa, kuma azumin da ya fi ƙarfin yaro ba ya koya masa son Allah, lissafi kawai yake koya masa. Sai dai ki sake karanta layin da kika rubuta game da asibiti. Kwana goma sha biyu ta yi tana kallon ɗanta tsakanin rai da mutuwa, mijinta yana wata ƙasa, ba a kuma rene ta da addu'ar da za ta jingina da ita ba. Abin da ta samu ta riƙe shi da hannu biyu, ta matse shi fiye da kima, kamar yadda masu tsoro suke yi. Mace ɗaya ce a kusa da ita da ta san yadda ake riƙe addini ba tare da an shaƙe shi ba, ita kuma tana bakin murhu tana yi wa siket ɗinta dariya.

Maganar yogot ki binne ta a bayan gadar da kika gan ta. Wataƙila likita ne ya sa ta. Wataƙila kuma, tunda kin ce Dorin ya zo Kirsimeti, ki ƙirga watanni da yatsunki kafin ki buɗe baki. Ko kuma yunwa ce kawai ta kama ta, irin wadda ta kama 'yarta. Ko wanne ne, in kin tona ta a bakin coci za ki ci nasara na minti biyar, Veta ta samu sabuwar gaisuwa, Ilinka kuma ta koyi cewa uwarta ma maƙaryaciya ce. Ba ta da sauran wanda za ta yarda da shi ke nan. Dorin kuwa ki ƙyale shi da tayil ɗinsa, wannan ba abin da ake gyarawa ta tarho ba ne.

Hanyar da ba durƙuso babu ita. Kafin Lahadin Ganye ki fita titi ki zagaya ta babbar ƙofarsu, ki ƙwanƙwasa kamar baƙuwa. Ki ce wa Otilia ta yafe miki don kin ɓoye mata abin da ya shafi 'ya'yanta, kin kuma sa 'yarta ta yi ɓoyo a ikirari. Ki tsaya nan. Na san kalmar amma za ta taso miki har maƙogwaro, ki haɗiye ta.

Sannan ki nemi a kira Ilinka, a gaban uwarta. Ta zo ta nemi gafararki ranar Asabar, yanzu ke za ki nemi tata, da kalmomin da aka saba, ba da wasa ba. Tambayar da ta yi miki a shinge ta gaske ce, kika ba ta amsar raha. Ki gaya mata a fili cewa ba ta ci amanarki ba, daidai ta yi, ke ce kika yi kuskure, kuma za ki je wurin Fada da ƙafarki, don haka ta daina ɗaukar kayanki a wuyanta. Wannan ne aikin gaggawa, ya fi rinin ƙwai, ya fi ƙofar shinge.

Bayan haka ki roƙi Otilia ku je wurin Fada Serafim tare, shi ya yanke abin da yaran za su ci. Ku gaya masa maganar ƙonewa da sujada goma sha biyu, don ya zauna da yarinyar, ya kuma zauna da uwarta. Abin da ya yanke ki bi, ko da wake ne har Ista.

Ba zan yi miki alkawarin za a warware wayar kafin Alhamis ba. Kin ji mata ciwo a gaban jama'a, tana da damar ta ɗauki lokaci, kuma neman gafara ba ciniki ba ne. In ba su zo ba, ki yi rininki, ki je ikirarinki, ki jira da baki a rufe, wanda na san shi ne azumi mafi wuya a gare ki. Amma yarinyar da ta datse baki a gaban cokali don kada ta yi wa Allah ƙarya, wani ya yi aiki mai kyau a kanta, kuma ku biyun nan ne. Allah ya ba ki ƙarfin gwiwa, da na zuciya da na ƙafa, ya sanyaya ran surukarki, ya ba Ilinka barci mai daɗi, ya kai ku Ista a teburi ɗaya.

Tanti Aurika